Wahalar da aka ba yara ce ta gina sojan Sparta?

Malam Habu: Ni dai ina nan a kan bakana. Horon yara ne ya sa Sparta ta gagari sauran biranen Girka. Yaro na cika shekara 7 hukuma ke karɓe shi daga hannun iyayensa. Ba takalmi, mayafi ɗaya ne na shekara guda, shimfiɗarsa kuwa ciyawar da ya tsinko da hannu a bakin kogin Eurotas. Wanda ya tashi haka ina zai san tsoro?

Binta: Malam, har da satar? Da gangan ake rage musu abinci don su sato. Wanda aka kama kuma a zane shi, laifinsa bai iya sata ba ne.

Malam Habu: Dabarar yaƙi ce, 'yata. Sojan da bai iya lallaɓawa cikin dare ba, gawa ne.

Garba: Allah ya gafarta Malam, kun tsallake wanda ke noma. Helot, bayin ƙasa na Lakoniya da Meseniya, yankunan da Sparta ke mulka, su ke ciyar da Spartawa, kuma sun fi su yawa nesa ba kusa ba. Manomin Atina sai ya ajiye garma kafin ya ɗauki mashi. Basparte kuwa ba shi da aiki sai atisaye, tunda wani ke cika masa rumbu. Horon ma rabinsa tsoron tawayen bayin nan ne, shi ya sa ake tura samari su riƙa kashe su a ɓoye.

Malam Habu: To yaƙin mashigin Thermopylae fa? Mutum 300 tare da Sarki Leonidas a gaban rundunar Farisa, shekara 480 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Garba: Mutum 700 na birnin Thespiae sun tsaya tare da su har mutuwa, ba wanda ya raba su da iyayensu suna yara.

Binta: Kuma a yaƙin Leuctra, shekara 371 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sojan birnin Thebes suka lallasa Spartawa. Cikin 'yan asalin Sparta 700 da suka fita, kusan 400 ba su dawo ba. Sparta ba ta ƙara murmurewa ba, don duk wanda ya kasa biyan kasonsa na abincin da sojoji ke ci tare a bariki ana cire shi daga 'yan ƙasa, adadinsu yana ta raguwa.

Malam Habu: Shekara nawa suka yi ana tsoronsu kafin nan? Ku ƙirga.

Garba: Mu ƙirga, amma har da shekarun da Meseniya ta yi tana noma musu. Epaminondas, jagoran sojan Thebes, na 'yantar da ita, sai me ya biyo baya, Malam?