Gajerun alamomi a aiki marar suna: shawarar masu rubuta manhaja a Yamai

Hirar da masu rubuta manhaja suka yi a wata fada a Yamai ta tsaya kan alamomin da ke maye gurbin sunan abin da ake miƙa wa aiki marar suna, wato ɗan guntun umarni da ake rubutawa ba tare da an ba shi suna ba. Kowane yaren rubuta manhaja da tasa alamar: $0 a Swift, it a Kotlin, &1 a Elixir. Ruby ta kawo _1 a 2019.

Shawararsu: in layi ɗaya ne, kamar ninka farashi, a yi amfani da alamar. In aiki ya shiga cikin wani aikin, a raɗa wa abin da ake miƙawa suna, domin it na ciki yana rufe na waje, mai gyara ya rasa wanne ake nufi. Clojure ma, inda ake rubuta gajeren aiki marar suna da #(), hana saka #() cikin #() ta yi, kuma a ganina ta kyauta. Masu Scala su kula: a _ + _, kowace alama abu daban take wakilta.