ZoomIt yana hana ni taɓa Excel idan na fara zane

Malamin Excel:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Laftof ce mai Windows 11, ana haɗa ta da majigi don koyar da Excel, da ZoomIt nake ja layi a kan abin da ake nunawa. Matsala biyu ce. Ta farko, da na danna Ctrl+2 na fara zane, shi ke nan, ba Excel ba, ba burauza ba, babu abin da linzami ke iya taɓawa. Ko agogon da ke ƙasa ma tsayawa yake yi. Idan na danna Esc komai ya dawo, amma zanen ya tafi. Ta biyu, Ctrl+1 a cikin Excel ya daina buɗe Format Cells, sai dai allon ya kumbura. Akwai yadda za a yi zanen ya zauna ina kuma aiki a ƙarƙashinsa?

Injiniya:

Wa alaikumus salam Malam. Ta farkon ba lalacewa ba ce, haka aka gina manhajar. Da ka danna Ctrl+2, ZoomIt yakan ɗauki hoton allon yadda yake a wannan daƙiƙar, ya shimfiɗa shi a wata taga da ta rufe komai, a kanta kake zane. Wato abin da kake gani hoton Excel ne, Excel ɗin kansa yana baya. Shi ya sa agogo ke tsayawa, kuma duk latsin da ka yi wannan tagar ce ke karɓewa. Esc yana rufe tagar, zanen ya bi ta. Idan kana son ajiye shi, danna Ctrl+S ko Ctrl+C kafin ka fita.

Sababbin fitowar ZoomIt suna da LiveDraw, da Ctrl+Shift+4 ake shiga. A nan allon ba ya daskarewa, bidiyo zai ci gaba da tafiya a ƙarƙashin zanen. 

Abin da kake nema manhaja ce da ke barin tawada a sama, latsi kuma ya ratsa ya wuce ƙasa. Epic Pen da gInk duk suna yi, gInk kuma kyauta ne. Tagarsu kamar gilashi take, kana hango abin da ke baya kai tsaye. A sandar kayan aikinsu akwai alamar kibiya. Idan ka zaɓe ta, manhajar takan gaya wa Windows ta daina ba wa gilashin latsi. Idan ka ga kamar Epic Pen ya kulle maka kwamfuta, duba ko alƙalami ko magogi ka bari a zaɓe. Ka lura dai, tawadar a jikin allo take, ba a jikin takardar ba. Ka zagaye B4 sannan ka gangara layi goma, da'irar tana nan inda ka bar ta, a kan wani gurbin daban.

Ta biyun kuwa, je Options na ZoomIt ka mayar da maɓallansa zuwa Ctrl+Alt+1, Ctrl+Alt+2, haka har ƙarshe.

Malama mai kwamfuta:

Injiniya ya yi bayani sosai, amma Ctrl+Alt da lamba ban goyi baya ba. Bari in faɗi dalili. ZoomIt yana yi wa maɓallansa rajista ne a wajen Windows, saboda haka da an danna, shi ake miƙa wa kafin manhajar da ke gabanka ta ji labari. Ba Ctrl+1 kaɗai ka rasa ba, Malam. A Excel, Ctrl+2 kaurara rubutu ne, Ctrl+3 karkatarwa, Ctrl+4 jan layi a ƙasa, Ctrl+5 soke rubutu da layi. A Chrome kuma Ctrl+1 zuwa Ctrl+8 ne ke sauya shafuka. Shi kansa Ctrl+Shift+4 na LiveDraw, a Excel tsarin kuɗi ne.

To idan ka koma Ctrl+Alt+1, ka shiga gonar Word, don da shi ake sa Heading 1, na 2 da na 3 ma haka. Bayan wannan, Windows tana ɗaukar Ctrl+Alt daidai da AltGr, wato maɓallin Alt na dama a wasu kibod. Mai kibod ɗin Faransanci, irin wanda aka fi samu a Nijar, da AltGr+3 yake rubuta #, da AltGr+0 yake rubuta @. Sai mutum ya zo rubuta alama ya ga wani abu daban ya buɗe. Na fi son Ctrl+Alt+Shift da lamba. Yatsa uku da ɗaya, akwai ɗan wuya, amma ba kasafai ake cin karo da wata manhajar a nan ba. Bayan ka canza, buɗe Excel da Word ka gwada maɓallan ɗaya bayan ɗaya kafin ɗalibai su zauna.

Ka kuma duba ko PowerToys, tarin ƙananan manhajojin Microsoft, na kan laftof ɗin. Tun 2025 an sa ZoomIt a cikinsa, kuma idan biyun suna aiki tare za su yi ta rububin maɓalli ɗaya. Kashe guda.

Injiniya:

Gaskiya ne Malama, na manta da na Word. Ƙari ɗaya, Malam, don ranar da gilashin ya maƙale, Esc ya ƙi. Tun yanzu buɗe Task Manager, shiga Settings, kunna Always on top, domin in ba haka ba zai iya buɗewa a bayan gilashin ka kasa taɓa shi. Ranar da abin ya faru, Ctrl+Shift+Esc ne, ko Ctrl+Alt+Del in wancan bai yi ba, sai ka sauka kan sunan manhajar da maɓallan kibiya ka rufe ta. Aikinka na Excel ba zai taɓu ba.

Malamin Excel:

Allah ya saka da alheri. Na canza maɓallan, Format Cells ya dawo. Na sauke gInk, kibiyar ma ta yi. Saura abu ɗaya: idan majigi na haɗe, tawadar tana sauka ɗan gefe da inda kibiya take.

Malama mai kwamfuta:

Duba Settings na Windows, System, Display, ka ga Scale na kowane allo. Galibi laftof na kan 125% ko 150%, majigi na kan 100%, wannan bambancin ke rikita lissafin manhajar. Daidaita su, ko ka danna Win+P ka zaɓi Duplicate. Sannan ka rufe gInk ka sake buɗe shi bayan ka haɗa majigin, don ya karanci girman allon daga farko.