Dan Allah a taimaka, tagwayen wasanmu ba sa kama

Salam jama'a. Ƙungiyar diramarmu ta unguwa ce ke shirin yin wasan Daren Sha Biyu (Twelfth Night) na Shakespeare, matsalar tagwayen nan ce Viola (mace mai shigar maza) da Sebastian, ai dariya da yawa a wasan a kan yadda ake rikita su take, to wadda ta iya Viola gajera ce fara shi kuma yaron da ke yin Sebastian dogo baƙi, a rihazal Olivia, wadda ta auri Sebastian a wasan, na ce wa Viola mijina sai kowa ya ce haba dai. Mun gwada kaya iri ɗaya da hula, bai yi ba. Mutum ɗaya kuma ba zai yi duka biyun ba tunda a ƙarshe suna haɗuwa a dandali. Waɗanda suka taɓa yi, ya kuka yi? Kuɗin mekof dai babu wlh.