Nawa zan riƙa ware wa talla a wata? Kuɗi na fita, ciniki shiru

Mai Turaren Wuta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa turaren wuta da humra a gida nan Kano, shekara biyu ke nan. In wata ya yi kyau ribata takan kai dubu 80. Watan jiya na ba wata 'yar TikTok dubu 25 ta ɗaga kwalbata a bidiyon da bai kai minti ɗaya ba, na kuma danna Boost (wato biyan kuɗi don a nuna wa ƙarin mutane tallan) a Instagram sau biyu, dubu biyar-biyar. Layik kam sun zubo kamar ruwan Agusta, amma mutum uku kacal suka saya. Sauran sai "Hajiya nawa ne?", ina faɗa su yi ɓatan dabo. Maigida har ya fara tsokanata wai na buɗe gidan rabon sadaka. Don Allah ku da kuka daɗe a harkar, nawa kuke warewa, kuma ina kuke zuba shi?

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ɗauki biro. Dubu 35 kika kashe, mutum uku suka saya, ke nan kowane ɗaya ya ci miki kusan dubu 12. Ribar kwalba nawa ce za ta rufe wannan? Ni atamfa da leshi nake sayarwa a Kantin Kwari, kuma ƙa'idata ɗaya ce: kuɗin talla daga ribar watan da ya wuce yake fita, kashi goma cikin ɗari, ba na taɓa uwar kuɗi ko da wasa. A lissafinki dubu takwas ke nan. Kuma ba kowane wata nake kashewa ba. Bayan Babbar Sallah kasuwa kan yi sanyi, sai in tara, in sake shi tun daga Sha'aban, lokacin da mata ke neman kayan Sallah kafin teloli su rufe karɓar ɗinki. Ke kuma ga lokacin bukukuwan ƙarshen shekara, amare ba sa tarewa babu turare. Duk wanda ya saya ki tambaye shi a ina ya gan ki, ki rubuta a littafi.

Mai Gyaran Waya:
Anti, da wace waya kika biya? In iPhone ce kuma ta cikin manhajar Instagram, tun 2024 akwai kashi 30 na Apple, kamfanin da ke ƙera iPhone, da ake ɗorawa a kai. Ki shiga shafin Instagram ta Chrome ko Safari ki biya, wannan kuɗin ba zai hau ba. Harajin VAT na kashi 7.5 kuwa ba makawa, ki sa shi a lissafi. Sannan kada ki bar Instagram su zaɓa miki masu ganin tallan. Ki zaɓi Kano, mata, ki saita tallan ya kawo mutum kai tsaye WhatsApp ɗinki. In kin bar shi sake, har mutumin Fatakwal zai gani, kuɗin aike ya fi kuɗin turaren. Ki rubuta farashi a jikin hoton ma, masu "nawa ne" za su ragu.

Mai Turaren Wuta:
Innalillahi, iPhone ce wallahi. Ashe har da Apple nake ciyarwa!

Uwar Biyu:
Ni ban yarda a yi watsi da 'yan TikTok gaba ɗaya ba, ƙanwata. Zaɓen ne kika yi kuskure. Mai mabiya miliyan da rabinsu samari ne masu kallon rawa, me za su yi da humra? Ni cincin da dubulan nake yi, kuma wadda ta fi kawo min ciniki mai lalle ce a unguwarmu, mabiyanta ba su taka kara sun karya ba, amma duk amare ne da ƙawayensu. Ko sisi ban ba ta ba, roba biyu na aika mata. Kafin ki biya kowa, ki ce ta turo miki hoton shafin da ke nuna garuruwan mabiyanta da yawan mata a ciki.

Malam Ɗan Kwari kuma ya manta data. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, ɗora bidiyo ya zama abin lissafi. A cikin dubu takwas ɗin nan zai fita ko daban?

Ɗan Kwari:
Daban, Hajiya. Data kamar kuɗin hayar shago ce, ko an yi talla ko ba a yi ba sai an biya.