An kawo sabon tsari wurin aikinku, mutane suka noƙe? Ku ba mu labari

Ɗan Bagalam: Salamu alaikum 'yan uwa. A shagon sari nake aiki cikin babbar kasuwar Maradi. Ɗan Alhajinmu ya dawo daga karatu, ya kawo kwamfuta, ya ce daga yau shinkafa, sukari, mai, duk abin da ya shiga ko ya fita a rubuta. Babu wanda ya yi musu, kowa "to, ranka ya daɗe". Wata uku ke nan, tana lulluɓe da zane, kaye, wato littafin rubutu, ne ke aiki. Ni a ganina matsalar bashi ce. Dattijo ya taso daga Dakoro ko Tasawa, shekara 20 yana ɗaukar kaya sai kasuwa ta zagayo ya biya, yau ka tsayar da shi kana tambayar cikakken sunansa da ranar biya? Babban yaron shagon ya ce shi bakinsa ba zai iya ba. Ku ma kun ga irin wannan?

Maman Biyu: Wa alaikumus salam. Mu a biro, wato ofis, sabon shugaba ya kawo rajistar sa hannu, ƙarfe 8 da kwata a ɗauke ta. Sati biyu aka yi ana gudu, daga nan wanda ya riga zuwa ya sa wa mutum uku. Mun saba rufa wa juna asiri: yau ke ce da suna, gobe ni ce da jana'iza a ƙauye. Ka tona abokin aikinka, da wane ido za ka gan shi wurin ta'aziyya? Shi kuma mai dokar sai hantsi motarsa ke shigowa.

Tsohon Kontabul: Ku dai faɗi gaskiya. Wasu ba kunya ba ce, ramin da suke lasa ake son toshewa. Na yi lissafin shagon da kowane wata jika 30 ke ɓata, ranar da aka ce za a ƙirga buhuna, mutum biyu suka kwanta zazzaɓi.

Ɗan Bagalam: Baba, ban musa ba, akwai su. Amma lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agustan 2023, masu kwamfuta ai kaye suka koma nema.

Ta Madarunfa: Namu ya bambanta. Ƙungiyar mata ce, muna matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Masu tallafi suka kawo sikeli, wai a bar awo da tiya. Mata suka ƙi ƙememe, don tiya tana da tozo, tana da gyara, sikeli kuwa ba ya san maƙwabciya. Da yarinyar da suka turo ta gaji da bayani, sai ta je gidan Inna, babbarmu, ta durƙusa ta gaishe ta, ta roƙi ta gwada da hannunta. Inna ta auna tiya biyar na mutum biyar, ba biyu da suka zo daidai. Ita da kanta ta ce a riƙa aunawa a sikeli, gyara kuma a ƙara da hannu bayan an rubuta. Har yau haka muke.

Ɗan Bagalam: Yaya, wannan dabarar ta shige ni. Namu babban yaron ba a ko tambaye shi ba, da safe kawai ya tarar da kwamfutar kan teburinsa. Bari in gwada yi wa ɗan Alhaji maganar bayan la'asar, in ya saurara.