Shawarwari kan bukukuwan ƙarshen shekara a ƙasar waje

A wata fada a Maradi, waɗanda suka taɓa zama a Faransa sun ba ɗalibai masu shirin tafiya shawara kan watan Disamba. Abin da suka fi jaddadawa shi ne gajartar yini, domin a ranar 21 ko 22 ga wata hasken rana a Paris bai wuce awa takwas da ƴan mintoci ba, har Azahar da La'asar da Magariba suna bin juna kusa-kusa, don haka sai mutum ya tsara aikinsa tun da safe.

Sun ce kada sanyi ya sa a kulle kai a ɗaki. A je kasuwar Kirsimeti ta birnin Strasbourg a gabashin Faransa, wadda take ci tun 1570, a sha kallon fitilu, amma a tambaya kafin a karɓi kofi, saboda abin shan nan mai tururi galibi giya ce. Wani dattijo ya ce maƙwabtansa Iraniyawa sun gayyace shi daren Yalda, bikinsu na dare mafi tsawo a shekara, aka ci rumman da kankana, shi kuma ya kai musu ƙuli-ƙuli. Bikin Jamhuriyar Nijar na 18 ga Disamba ma, in ji su, dama ce ta tara ƴan gida a dafa shayi.