Neman kalma: me za mu kira aikin mayar da binciken likitoci abin da ake yi kullum a asibiti?

Salamu alaikum 'yan uwa masu harkar fassara da ma'aikatan lafiya, dan Allah ku matso akwai kalmar da nake so mu tsayar tare. Turawa suna da abin da suke ce wa knowledge translation, wasu su ce implementation science, a Nijar kuma za ka ji transfert des connaissances. Duk abu ɗaya suke kewayawa, wato an yi bincike, an gano maganin da ke aiki ko hanyar da ke ceton rai, an buga a mujalla, to yaya za a yi wannan abin ya bar takarda ya zama shi ne abin da nas ɗin da ke aikin dare a asibitin ƙaramar hukuma take yi ba sai an tsaya a kanta ba. Fanni ne mai zaman kansa yanzu, har mujallarsa gare shi tun 2006, amma mu a Hausa kowa yadda ta zo masa yake faɗa, a rediyo daban, a takardun horaswa daban, kuma wallahi wannan ba ƙaramar asara ba ce don abin da ba shi da suna da wuya a ware masa kuɗi ko a tambayi wani ina aka kwana a kansa.

Kafin ku fara jefo kalmomi bari ku ga girman abin. A 1747 wani likitan jiragen ruwan Ingila, James Lind, ya gwada ya ga lemo yana warkar da ciwon nan na rashin bitamin C da ke sa dasashi zubar da jini, amma sai a 1795 rundunar ruwan ta fara raba ruwan lemon ga matuƙanta. Shekara 48. A zamaninmu ma akwai ƙiyasin da aka yi a Amurka a 2000 cewa sakamakon bincike kan ɗauki wajen shekara 17 kafin ya shiga aikin yau da kullum.

Amma wanda ya fi taɓa ni shi ne na jijjiga. Tun 1995 babban gwaji ya nuna allurar magniziyam ta fi baliyam, maganin nan mai sa barci, nesa ba kusa ba wajen hana jijjigar mai ciki dawowa, a 2002 kuma aka sake wani da mata wajen 10,000 a ƙasashe 33 aka ga tana rage haɗarin kamuwa da jijjigar da fiye da rabi ga mai hawan jinin ciki. Magani ne mai arha. Duk da haka shekaru suka shuɗe ana ɗirka wa matanmu baliyam, don maganin babu shi a sito, inda yake akwai kuma ma'aikata suna tsoronsa saboda an ce in ya yi yawa yana tsayar da numfashi kuma ba wanda ya zauna ya koya musu awonsa da yadda ake duba majinyaciya bayan an yi mata. Sai a 2008 aka shigar da shi manyan asibitocin gwamnati 10 a jihar Kano tare da horaswa, mace-macen jijjiga suka yi ƙasa ƙwarai. To wannan tazarar, da aikin cike ta, su nake nema wa suna.

To madalla, amsoshi sun fara shigowa, bari in bi su.

Ƙanena da ka ce "fassarar ilimi", na san daga ina ka ɗauko, kalma da kalma ka bi. Amma fassara a kunnen Bahaushe daga harshe zuwa harshe take, sai ko fassarar mafarki. In ka ce wa mutum kana aikin fassarar ilimin likitanci zai ɗauka littattafan likitoci kake mayarwa Hausa, aiki ne mai kyau amma ba shi muke nufi ba. Wannan mu ajiye ta.

"Aiwatar da bincike" ita ce mutane da yawa suka kawo, kuma ita ce ta fi haɗari don ta yi kama da daidai. Ku saurari labaran rediyo, in an ce hukuma ta aiwatar da bincike ai nufin ta gudanar da binciken ne, ta je ta bincika. Mu kuwa binciken an riga an gama, abin da ya biyo baya muke magana. Sannan ita kanta kalmar bincike in ka bar ta tsirara wani 'yan sanda zai tuna, don haka ko me muka tsayar dole a ce binciken lafiya ko binciken likitoci.

Hajiya da kika ce ai wannan "wayar da kai" ne kawai, ranki ya daɗe yana ciki amma bai ƙare a nan ba, kuma ga dalilina. Ki duba maganin cibiyar jarirai, kuloheksidin, wanda bincike ya nuna yana kare cibiya daga ƙwayoyin cuta musamman inda ake haihuwa a gida, jihar Sakkwato ma tun 2013 ta fara raba shi. An wayar da kai sosai, an ce a daina gashin cibiya da tsumma, a daina sa makilin da toka, ga abin da za a shafa. Iyaye da yawa sun karɓa. Amma na ruwan da aka fara kawowa wasu wurare a 'yar kwalba yake mai kama da ta maganin ɗigon ido sak, sai aka samu waɗanda suka ɗiga wa jarirai a ido, wasu yaran suka makance, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a 2019. Uwar ba ta ƙi magani ba, kanta a waye yake, ta yi abin da surar kwalbar ta nuna mata ne. Wanda zai zauna ya lura cewa siffar mazubi, da yaren da aka rubuta bayani, da wanda ya miƙa maganin da abin da ya faɗa lokacin miƙawar duk suna cikin maganin, shi ne mai wannan fannin da muke nema wa suna. Wayar da kai ba ta ɗauke wannan duka.

"Zartarwa" kuma ta gwamnati ce, majalisar zartarwa, zartar da doka, zartar da hukunci. Takarda ce ta fito daga ma'aikata da hatimi. Ana iya zartar da abu a Abuja ko Yamai shekara biyar bai iso ɗakin haihuwa ba.

Ɗan uwa daga Maradi, sannu da ƙoƙari, ka ce ku bisa Faransancin kuna cewa "isar da sakamakon bincike". Ta fi na baya kusa, sai dai isarwa kamar ɗan aike ne ya kawo saƙo ya ajiye a zaure ya juya, ba ruwansa da ko an shiga da shi cikin gida. Ku kun fi kowa sanin maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012 aka fara a Nijar da Katsina a 2013, na yara 'yan wata 3 zuwa 59. Mai rabawa yana zuwa gida ya ba yaro na ranar farko a gabansa, na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa ake bari, kuma haka za a yi ta yi wata-wata har damina ta wuce. An isar, ba shakka. Amma ko an ba yaron sauran biyun, ko ya tofar, ko an ajiye sai ranar da ya yi zazzaɓi, ko an raba da ɗan maƙwabta, wannan duk bayan isarwa ne kuma a nan ake cin nasara ko a faɗi.

Malam da ka kawo "aiki da ilimi", Allah ya ƙara maka daraja, gaskiya na daɗe ina juya ta don tana da daɗi a baki kuma duk wanda ya zauna karatun zaure ya san nauyinta. Abu biyu suka sa ban tsaya a kanta ba. Ta yi faɗi da yawa, manomi da tela da alƙali duk ta shafe su. Na biyu kuma, yadda muka saba jin ta a wa'azi, nauyin a kan mutum ɗaya take ɗorawa, ka sani ka ƙi aikatawa laifinka ne. A asibiti kuwa sau da yawa ungozomar ta sani sarai kuma tana so, allurar ce babu, ko firjin ba wuta oksitosin, allurar tsayar da zubar jini bayan haihuwa, ya lalace da zafi, ko ita kaɗai ce a kan mata shida. Ba na son kalmar da za ta sa a riƙa nuna ta da yatsa.

Amma daga bakinka Malam ɗayar ta fito, da ka ce "ko ɗabbaƙawa", kuma ni dai a nan zuciyata ta kwanta. Ɗabbaƙa daga Larabci muka aro ta tuntuni, muna cewa a ɗabbaƙa sunna, a ɗabbaƙa doka, a ɗabbaƙa yarjejeniya, kuma kullum ma'anarta abu yana rubuce an san shi, sai a sauko da shi a aikace a kan jama'a, da tsari, ba sau ɗaya ba. Ba ta rikicewa da gudanar da bincike, ba ta tsaya a sanarwa ba, kuma hukuma tana ɗabbaƙawa, asibiti yana ɗabbaƙawa, mutum ɗaya ma yana yi.

Ku gwada ta da wannan misalin, wanda da hannun mutanenmu a ciki. A 2023 aka fitar da sakamakon gwajin E-MOTIVE kan zubar jini bayan haihuwa, asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, mata sama da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa. Ba sabon magani suka ƙirƙiro ba ko ɗaya. Oksitosin an san shi, allurar tiraneksamik mai tsayar da jini an san tana rage mutuwa daga zubar jinin tun wani gwaji na 2017, murza mahaifa da ƙarin ruwa kowace ungozoma ta iya. Matsalar ita ce da ido ake kimanta jinin, a duba zani da katifa a ce bai kai ba, sai mace ta fara sumewa a farga. Sai suka kawo wata leda da ake shimfiɗawa ƙarƙashin mai jego, tana da aljihu mai layukan awo inda jinin ke taruwa, da ya kai layin mililita 500 ba jira ba gardama, a yi duk matakan nan a tare maimakon a gwada ɗaya a jira a ga ko zai yi. Suka haɗa kayan a akwati ɗaya a ɗakin haihuwa yadda ba sai an aika miji kemis da tsakar dare ba, suka horas da ma'aikata, suka riƙa dawo musu da alƙaluman asibitinsu suna gani. Gano zubar jinin ya tashi daga kashi 51 zuwa 93 cikin 100, mummunan sakamako kuma, wato zubar jini mai tsanani ko tiyata ko mutuwa, ya ragu da kashi 60 cikin 100. In aka tambaye ni me suka yi da Hausa, zan ce sun binciki yadda za a ɗabbaƙa abin da aka riga aka sani. Kun ji jimlar ta zauna daram.

Anti ungozoma, na ga ƙorafinki kuma kin yi gaskiya, kin ce in kika tsaya gaban mata ranar awo kika ce ɗabbaƙa wasu za su ɗauka wa'azi za ki fara. Ai ba sai an kai ta can ba. Sunan fanni muke nema na aji da takarda da taron ma'aikata, a ɗakin awo kuwa ki ce "abin da likitoci suka gano, shi muke yi yanzu", ya wadatar. Kuma kalmar da kika yi amfani da ita ba ki ma lura ba, da kika ce sa ledar awon jini yanzu "ya zama jiki" a wajenku, ina roƙon mu riƙe ta, don masu wannan fannin suna da dogon Turanci na matakin da sabon abu ya daina zama sabo ya koma al'adar aiki ko da masu tallafi sun tattara sun tafi, mu kuwa ga shi a kalma biyu.

To ga abin da nake ganin mu tsayar, sai in akwai mai ja. Aikin kansa: ɗabbaƙa binciken lafiya. Fannin da ke nazarin yadda ake yin sa: ilimin ɗabbaƙa bincike. A rediyo da wajen jama'a: aiki da sakamakon bincike. Misali a labarai a ce, "ma'aikatar lafiya ta kafa sashen ɗabbaƙa binciken lafiya", ko a aji a ce "ta yi digirinta na biyu a ilimin ɗabbaƙa bincike", ko a rahoto a ce "an ɗabbaƙa tsarin a asibitoci 10 amma a 4 kaɗai ya zama jiki".

Wani ya tambaya me ya sa ilimi ba kimiyya ba. Ni na fi son ilimi don rabin aikin sanin halin mutane ne da tsarin ma'aikata da kasafin kuɗi, kimiyya kuwa tana kai hankalin mai sauraro ɗakin gwaje-gwaje, amma wanda ya ce kimiyyar ɗabbaƙa bincike ban ce ya yi kuskure ba.

Saura abu ɗaya kafin mu rufe. 'Yan uwa na Damagaram da Tawa, da na zangon Kumasi da Garwa da mutanenmu na Sudan, dan Allah ku faɗa mana ko ɗabbaƙa tana yawo a bakin mutane a wajenku ko sai a bakin malamai kawai, don in kalmar Kano da Zariya ce kaɗai gara mu sani tun yanzu kafin ta shiga takardun horaswa.